Wai masu ba tabar sigar maki 90 da wani abu, me suke ji a bakinsu ne?

Sabon_Shiga:

Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu harkar sigar, ina nufin manyan nan masu naɗin ganye zalla irin na Kuba ba sigarin kwali ba, tambaya gare ni. Wani yayana ne ya dawo daga Dubai wajen watan Nuwamba ya kawo min ƴan karare tsaraba, masu tsinin baki ɗin nan, na jefa su a durowar ofis a nan Kano sai cikin Janairu na ɗauko ɗaya. Kafin in kunna sai da na leƙa intanet naga wai mujallar Cigar Aficionado ta ba irinta maki 90 da wani abu, har ana cewa akwai ɗanɗanon koko da gahawa da fata da itace a ciki. To ni wallahi banda ɗaci da zafi ba abinda naji, ganyen saman ma tun ina yanka bakin ya tsage ya fara warwarewa, gefe ɗaya na ci da wuta ɗayan ya ƙi, kafin in kai rabi kaina ya fara juyawa na yar da ita. Shine nace bari in tambaya, makin nan ya ake bada shi? Da gaske akwai mai jin koko a cikin hayaƙi ko dai burga ce irin ta masu kuɗi? Kuma sauran da suka rage akwai yadda za'a yi dasu ko in zubar kawai?

Na_Deira:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka zubar tukuna. Abinda ka sha ba shi suka ba maki ba, durowar nan ce ta gama da ita tun kafin ka kunna. Ita sigar ana ajiye ta ne a inda danshin iska yake 65 zuwa 70 cikin 100, kai kuma ka bar ta a buɗe tsakiyar hunturun Kano lokacin da danshin ke sauka ƙasa da 20, leɓenka ma tsagewa yake balle ganye. In ta bushe maiƙon dake cikin ganyen sai ya tafi, ta dinga ci da sauri da zafi, kuma ganyen saman shine mafi laushi a cikin ukun da ake haɗa ta dasu (akwai na ciki, akwai wanda ya ɗaure na cikin, sai na saman da ido ke gani) shi yasa shi ya fara tsagewa.

Maganar maki kuma, mujallar tun 1992 take fitowa daga New York, kuma a kan 100 suke aunawa. Ana cire zoben takardar dake ɗauke da sunan kamfani a maƙala wani mai lamba kawai, mai ɗanɗanawa bai san ta waye ba bai san nawa take ba. Kyan gani da ingancin naɗi maki 15, yadda take ci da yadda hayaƙi ke fitowa in ka ja 25, ɗanɗano 25, sai 35 na yadda ta kwanta wa mutum gaba ɗaya. Daga 95 zuwa 100 sune na ƙololuwa, 90 zuwa 94 fitattu, 80 zuwa 89 masu kyau. To ka duba kaso mafi tsoka, 35 ɗin nan, ra'ayi ne zalla, ba wani ma'auni da aka sa. Misali wata ta Kuba mai suna Montecristo No. 2 sun bata 96 a 2013 suka ce itace ta shekara, amma 96 ɗin na kararen da suka sha ne a lokacin, abu ne da ake naɗawa da hannu, ganyen bana ba shine na baɗi ba, wanda ya naɗa wannan ba shi ya naɗa waccan ba, a akwati ɗaya ma sai ka samu biyu suna ja lafiya ta uku ta toshe. Shi yasa masu bin na Kuba suke juya akwatin su duba hatimin dake ƙasa, akwai wata da shekarar da aka zuba su.

Juyawar kai kuma nikotin ne, inaga ko dai ka haɗiye hayaƙin ko ka ja da sauri ko cikinka ba komai, ko duka ukun. Ba'a kaiwa huhu, a baki ake riƙewa a fesar, kamar ja ɗaya a minti ɗaya, ka barta ta huta tsakani in ba haka ba zata yi zafi ta koma ɗaci ko da ta 100 ce. Irin mai tsinin nan sai ta ɗauke ka awa ɗaya da wani abu. Ka ci abinci tukuna, ka aje ruwa ko shayi mai ɗan siga kusa. Wajen kunnawa leta mai gas, banda mai fetur don warin na shiga ganyen, in ashana ce ka bari kan ya gama ci, sannan ka gasa ƙasan kana juyawa har ya kama ko'ina kafin ka kai baki, rashin yin haka na daga abinda ke sa gefe ɗaya ya riga ɗayan.

Koko kuwa ba wanda ya zuba koko a ciki. Ganyen ne bayan an shanya ake tara shi tsibi-tsibi ya ɗau zafi da kansa ya nuna, a sake ajiye shi wata da watanni ko shekaru, ƙamshin daga nan yake. Kuma da hanci ake kama yawancinsa, ka rufe baki ka turo ɗan hayaƙi kaɗan ta hanci, kaɗan fa, ranar farko sai kayi hawaye. Su masu mujallar sunce koko da itacen sida (wani itace ne mai ƙamshi) ne saboda abinda suka taso dashi kenan. Ni a littafina abinda nake rubutawa goro, masoro, busasshen dabino, ƙamshin rumfar dukawa, wani lokacin ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari. Ina raba karan uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kowanne layi biyu, don mai kyau ba ta tsayawa a ɗanɗano ɗaya, sai ta fara da yaji ta sauko ta yi laushi can ƙarshe ta yi nauyi.

Sauran naka ka samu roba mai murfin da iska bata shiga, ka sa su da ƴar jakar danshi ta Boveda mai lamba 62, bayan sati biyu zuwa uku ka canza mai 65 ko 69, ka basu kamar wata biyu. Kar ka yi gaggawa ka fesa musu ruwa, na cikin zai kumbura ya fasa na saman. Za su sha, amma ba lallai su dawo yadda yayanka ya sayo su ba.

Ɗan_Batouri:

Oga Na_Deira ya gama magana, ni dai ƙari zan yi don kullum in ana hirar nan sai Kuba, Nikaragua, Jamhuriyar Dominika, kamar mu a Afirka ba mu da komai a ciki. Ganyen sama na Kamaru yana cikin waɗanda ake ji dasu a duniya, kuma a nan gabashin ƙasar ake noma shi wajejen Batouri har zuwa tsallaken iyaka cikin Afirka ta Tsakiya. Irin asalinsa daga Sumatra aka kawo, ƙananan manoma ne ke yi a ƴan gonakinsu, kuma basa rufa masa yadi a sama kamar yadda ake yi a Connecticut ta Amurka don hadarin dake rufe sama a yankin ya isa inuwa. Ganyen siriri ne, in ka shafa zaka ji ƴan ƙuraje-ƙuraje a jikinsa, yana da ɗan zaƙi-zaƙi da yaji mara hawa kai. Da can kamfanin tabar gwamnatin Faransa ne ke riƙe da cinikin, da suka janye farkon shekarun 1990 harkar ta kusa mutuwa sai wasu dillalan taba, dangin Meerapfel, suka tallafe ta. Kamfanin Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika da shi suke naɗe kararensu masu suna Hemingway da Don Carlos. Abin haushin manomin da ya tsinko ganyen da yawansu basu taɓa ganin karan da aka gama ba balle su ji kuɗinsa. Sabon_Shiga in zaka ci gaba ni da irin wannan zan ce ka fara, ƙaramin kara mai sauƙi, ba ka faɗa kan mai ƙarfi ba. Sai dai ita ma wannan ɗin hunturu ya fi saurin fasa ta saboda sirantar ganyen.

Ma'aikacin_Asibiti:

Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Naga ana ta cewa ba'a haɗiyewa kamar hakan ya wanke ta. Babban kara ɗaya yana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda, kuma nikotin ɗinta ta fatar baki yake shiga jini ko baka kai huhu ba, shine ma abinda ya juya wa ɗan'uwanmu kai. Sankarar baki da ta maƙogwaro da ta hanyar abinci duk suna nan, ga ciwon dasashi, ga na kusa dakai dake shaƙa. Tsadarta da makinta basu rage komai ba. Sannan dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayarwa ɗan ƙasa da shekara 18 ta kuma hana sha a wuraren jama'a da ta lissafa, ofis na ciki. Ɓangaren addini kuwa kowa ya san maganar malamai tsakanin masu cewa haramun da masu cewa makaruhi, ban ji wanda yace mustahabbi ba. Malam Sabon_Shiga tunda bata kama ka ba ni shawarata ka barta a inda ka ganta.

Na_Deira:

Malam ba musu, duk abinda ka faɗa haka yake, ni kaina bana sha a gida gaban yara kuma ba zan cewa wanda baya sha ya fara ba. Tambaya yayi kan maki na amsa masa.

Ƙofar_Mata:

Ni fa makin nan ban cika ɗaukarsa da zafi ba. Ka buɗe mujallar ka duba, yawanci daga 80 da ɗoriya ne zuwa 90 da kaɗan, to ma'aunin da aka ce 100 ne amma kowa na cunkushe a wuri ɗaya me ya gaya maka? Bambancin 89 da 91 a baki wallahi ba kowa zai rantse dashi ba, amma a kanti 91 ɗin sai ta ƙare a bar 89. Kuma su kamfanonin suna talla a mujallar, ban ce ana sayen maki ba tunda a rufe ake ɗanɗanawa, amma dai ni nafi yarda da bakin abokina da na san abinda yake so. Akwai wanda yajin Nikaragua irin na yankin Estelí shine rayuwarsa, akwai wanda ja biyu zai yi ya aje, dukkansu kuma maki ɗaya suka karanta.

Abinda ba wanda ya taɓo shine jabu. Na Kuba sune aka fi yiwa, musamman Cohiba, wadda aka fara a 1966 don Fidel Castro da kyautar manyan baƙi, sai 1982 aka fito da ita kasuwa, tun daga 2022 kuma kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi. Duk wanda ya kawo maka Cohiba a akwati mai murfin gilashi yace ya samu da araha wajen wani ma'aikacin masana'anta, ka riƙe kuɗinka. Akwatin gaske akwai koren hatimin gwamnatin Kuba da lambar da zaka iya dubawa a shafin Habanos, kamfanin dake sayar da sigar Kuba. Tunda naka ba akwati, ka ɗauki wanda ya fi lalacewa ka tsaga shi da reza a tsaye. In na gaske ne dogayen ganye zaka gani a nannaɗe daga kai har ƙasa, in ka ga guntaye da gari da kara-kara to ko hunturu bai taɓa ta ba dama ba abin kirki bace.

Sabon_Shiga:

Nagode kwarai jama'a Allah ya saka. Na tsaga guntun da na yar ɗin, dogayen ganye ne, kuma yayana yace a kantin filin jirgi ya saya. Ma'aikacin asibiti naji shawara kuma ina dubawa. Oga Na_Deira saura ɗaya, robar in na haɗa a firij zan sa? Naga zafi na tahowa.

Na_Deira:

A'a banda firij, busar da ita zai yi kuma ta kwashi warin miya. Amma ka taɓo inda matsalar take, don a wajenmu bazara ta fi hunturu haɗari. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa dake sa ƙwai a ganyen taba, in zafi ya wuce kamar digiri 22 zuwa 23 ga danshi sai ya ƙyanƙyashe, kuma kasan Afrilu a Kano 40 ake magana. Alamarsa ƴar huda zagayayya kamar an soka allura, in ka buga karan a tebur sai gari ya zubo, kuma daga ɗaya yake bin sauran. Maganinsa ka bari su gama shan danshin tukuna, sannan ka sa su a leda mai zif biyu ka matse iskar, kwana 1 a firij, kwana 3 a firiza, kwana 1 a firij kuma, sai su kwana a ɗaki kafin ka buɗe ledar. Sai dai ka tabbata akwai wuta tsayayya ko sola a kwanakin, in firizar na narkewa tana sake kamawa ganyen saman fashewa zai yi. Bayan nan robar ta shiga cikin kula irin ta ajiye lemo, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa nesa da taga, ka dinga leƙawa duk sati.