In Aka Ce Maka Munafuki

Ƙanin Kowa:
Wani ya ce mini wai mu Kirista munafukai ne, kowa da kowa,
Ran Lahadi a coci ana ɗaga hannuwa,
Ran Litinin a koma cutar 'yan'uwa.
Yayye, da me zan amsa? Raina na tafasowa.

Mai Garaya:
Ƙane, ka ce masa coci asibiti ne,
Duk wanda ke cikinsa majinyaci ne,
Mai neman likita ai marar lafiya ne,
Ya cire gungumen idonsa, nan aikinsa ne.
Duba Markus 2:17 da Matiyu 7:5.

'Yar Zumunta:
Mai Garaya, ka mai da aya garkuwa,
Gungumen nan, kai aka ce ka fara cirewa,
Ba don ka jefi mai zargi aka yi rubutawa.
Asibitin naka, ana shan magani kuwa?
Annabi Natan ya ce wa Sarki Dawuda kan zunubinsa, kai ne mutumin,
Sarki bai ce kai ma fa ba, sai durƙusawa,
Zabura 51 kukan wannan tuba ce, je ka dubawa.

Uwar Biyu:
Gaishe ki Mama! Yau garaya ta tsinke. Mata muna bayanki.

Malamin Baiti:
Mama, da girmamawa, ɗango na 5 ya fita daga amsa-amo. Kin taho da "wa" sai ga "mutumin". Kuma baitin ɗango 7, ba ƙwar biyar ba, ba tarbi'i ba.

Uwar Biyu:
Malam, na Mai Garaya da ya jera "ne" sau 4 fa, shi ne amsa-amo? Ka gani ka yi shiru don naku ne.

Malamin Baiti:
Nasa rago ne, amma bai karye ba. Ni kari nake aunawa, ba ɓangare ba.

'Yar Zumunta:
Malam, kana tace sauro a cikin waƙa,
Yaro na tsaye da tambaya tana ci masa zuciya.

Baba Dattijo:
Na makara, 'ya'yana, ku yi haƙuri.
A Antakiya Bitrus na ci da waɗanda ba Yahudawa ba, al'ummai,
Mutanen Yakubu suka zo, ya janye daga akusai,
Har Barnaba ya bi shi, tsoro ya ci jarumai,
Bulus ya tsaya gabansa, ya faɗa masa sarai.
In manzo ya sha sunan munafuki a gaban jama'a,
Ɗana, kar ka yi saurin cewa ƙarya ce, tsaya ka auna.
Tambaye shi wa ya cuce shi, ka ji da kunnen ƙauna,
In kai ne, biya shi, Zakka mai karɓar haraji ninki 4 ya yi alkawari.
Galatiyawa 2:11-14, sai Luka 19.

Ƙanin Kowa:
Baba, na gode. In kuma sharri ne aka yi mini fa?

'Yar Zumunta:
Amsa da tawali'u, ɗana, ban da hayaniya,
1 Bitrus 3:16, halinka ya ba mai ƙage kunya.

Mai Garaya:
Mama, na ji Natan, amma Natan annabi ne,
Wani mai zargin ba gyara yake so ba, ba'a ne.
A gaban Bilatus Yesu shiru ya yi, sananne ne,
To yaushe ne shiru, yaushe amsa? Baitin naki ne.