Neman shawara: wace libar giya zan sa wa keken tseren nan?

Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin zuwa gasar Ironman 70.3 ta birnin Doban (Durban) a Afirka ta Kudu: iyo na kilomita 1.9, keke na kilomita 90, sai gudu na kilomita 21.1. Na sayi keken gwanjo irin na wannan tsere, mai sanduna biyu a gaba da ake kwantawa a kansu don a rage dukan iska. Libobin giyarsa sun zo a karye, sai na yi odar libar kamfanin Shimano mai lamba SL-BS79 tunda ita ma ta giya 10 ce kamar keken. An ɗaura, amma kaca sai tsalle take yi. In an saita sama, ƙasa ya ƙi. Na'urar da ke tura kaca a baya Tiagra 4700 ce. In sake sayen wata liba ne, ko in haƙura in koma ta lantarki, Di2? Sannan don Allah me ake ce wa wannan na'urar da Hausa? Na sha wahala kafin mai gyara ya gane abin da nake nufi.

Makanikin Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, libarka lafiya lau take, haɗin ne bai yi ba. Tiagra 4700 giya 10 ce, amma jan wayarta irin na masu giya 11 ne. Ita kuwa SL-BS79 an yi ta ne don tsofaffin masu 10. Duk ƙas ɗin da ta yi, wayar da take ja ba ta kai yadda na'urar baya ke so ba, shi ya sa kaca ke tsayawa tsakanin haƙora. Ko ka kwana kana murɗa kusar saiti ba za ta zauna ba. Hanya mafi sauƙi: ka bar libar, ka nemo na'urar baya ta 105 mai lamba 5700 ko Ultegra 6700. Su ne jininta. Kada kuma wani ya sayar maka da libar kamfanin SRAM, ba ta tafiya da na'urar Shimano.

Ɗan Zazzau a Dubai:
Ni dai Di2 nake hawa, kuma ba zan ɓoye maka daɗinta ba. Da libar waya, wuri ɗaya kawai ake canza giya, can a bakin sanduna. In ka tashi tsaye kana hawan tudu, hannuwanka na kan birki, dole ka saki ɗaya ka miƙa shi gaba. Da ta lantarki akwai maɓalli a bakin sanduna, akwai wani a jikin birki. A kwana da wurin juyawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ka sani ba liba kaɗai za ka saya ba. Na'urar tura kaca ta gaba, ta baya, batir da wayoyinsa duk sai sun canza, kuma na yanzu giya 11 ko 12 ne, ka ga kaca da haƙoran baya ma sun tafi. Wataƙila kuɗin ya fi na keken.

Makanikin Sabon Gari:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma a Dubai yake. A nan in waya ta tsinke, kowane mai gyara zai zura maka wata. In Di2 ta yi shiru, a cikinmu wa ke da kwamfutar duba ta? Abin da kawai waya ke so shi ne kulawa da hunturu, don ƙura na shiga bututunta ta sa liba ta yi tauri. Sauran mako uku gasa ka sa sabuwa, ka hau ta ta miƙe, a sake saiti. Kada ka canza ana gobe tafiya.

Yayarku mai iyo:
Ƙanena, gasarka ta farko ce ko? To ka riƙe kuɗinka. Kilomita 90 a kwance kan sanduna, wuya da gadon baya ne ke fara kuka, ba yatsu ba. Ka kai keken a daidaita maka tsawon sirdi da nisan sanduna. Kuma a Ironman ba a yarda ka lafe bayan wani ya tare maka iska ba, sai ka bar tazarar mita 12, don haka yawancin hanya kana kwance ne, hannunka na kan libar. Ka saba da ita tun yanzu a hanyar da babu motoci, don a kwancen nan birki ya yi maka nisa.

Malamin Maraɗi:
Ni batun suna ne ya ja ni. Na'urar nan Faransawa suka raɗa mata dérailleur, wato abin da ke sauke abu daga kan layinsa, kamar jirgin ƙasa in ya goce. Ingilishi ma aro ya yi, bai fassara ba. Haka peloton, ayarin matseran keke, da bidon, gorar ruwa. Duk daga Faransa suka fito, ƙasar da ta fara Tour de France a 1903. A nan Nijar masu gyara da sunan Faransancin suke kiranta, su ce direya. Ku kuma can kun ɗebo daga Ingilishi: birki, feda, giya, liba, taya, bawul, boris. Wa zai ce yau birki ba Hausa ba ce?  Amma dubi sirdi da kaca: waɗannan muna da su tun kafin keke ya zo, sai aka ɗora masa. Sirdin doki ya koma na keke, ba wanda ya yi gardama. Don haka in da ni ne, zan ce matura kaca, ta gaba da ta baya. Kowa ya ji ya gane aikinta.

Makanikin Sabon Gari:
Malam, sunan ya yi daɗi, mu a rumfa "injin giya" muke cewa. Amma wurin oda, ƙanena, ka rubuta lambar da ke jikin ƙarfen, ka tura hoto. Cewa "mai giya 10" kawai shi ya jawo maka wannan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bar batun Di2 sai gaba. Na samu 105 mai lamba 5700 a hannun wani abokin hawanmu, ranar Asabar za a ɗaura. Yaya, na ji batun sirdi, shi ma ranar zan sa a duba. Baba makaniki, wayar giyar ita ma in sake ta yanzu, ko in bari sai sauran mako ukun?

Makanikin Sabon Gari:
Sake ta yanzu, don tsohuwar ta riga ta lanƙwashe a wurin kusa. In lokacin ya zo a sake dubawa.