Iskar barci ko propofol a tiyatar canza hanyar jinin zuciya: me kuka gani?

Sabon likitan sa barci, Kawo: Assalamu alaikum manyanmu. Wasu sun rantse da sevoflurane, iskar barci da ake shaƙa, wasu propofol, maganin barci na jijiya, kaɗai suke sawa ta famfon sirinji. Wanne ya fi kare zuciya?

Dakta, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam ƙanena. Binciken MYRIAD na 2019, kan marasa lafiya 5,400, ya kwatanta iskar barci da maganin barci na jijiya, bai ga bambanci a mace-mace ba bayan shekara ɗaya. Abin da ke ba da wahala shi ne lokacin fara sa barcin. Zuciyar da jijiyoyinta suka toshe ba ta jure faɗuwar awon jini, kuma propofol na faɗar da shi. In bugun zuciyar ya yi rauni, maganin barci etomidate 0.2 zuwa 0.3 mg/kg ya fi lallaɓawa, sai dai yana danne cortisol, sinadarin da jiki ke fitarwa don jure wahala, na ɗan lokaci. Ketamine, wani maganin barcin, shi kaɗai yana sa zuciya gudu, ta ƙara neman iskar oksijin. Fentanyl, maganin kashe zafi, kuwa an bar tsohon yayin 50 mcg/kg zuwa sama. 10 zuwa 15 mcg/kg ya isa a cire bututun numfashi cikin awa 6 bayan tiyata.

Mai kula da injin zuciya da huhu: Ranka ya daɗe, da an ɗora mara lafiya kan injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, huhu ya tsaya, iskar barci ba ta shiga sai an haɗa ta da injin. Wurin mayar da ɗumin jiki bayan an sanyaya shi a kan inji ne mutum kan fara farkawa ba a sani ba. A ƙara magani kafin a fara ɗumamawa. Masu propofol su duba batirin famfo, kun san halin wutarmu.

Sista, Barnawa: A duba sikila tun kafin ranar aiki, don sanyaya jiki na iya lanƙwasa ƙwayoyin jini.

Dakta, Unguwar Rimi: Gaskiyarki, Sista. Heparin, mai hana jini daskarewa, 300 zuwa 400 yunit a kowane kilo, ba a hawa inji sai ACT, gwajin tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, ya wuce daƙiƙa 480. Protamine, mai warware aikin heparin bayan an sauka daga inji, 1 mg kan kowane yunit 100 na heparin, a hankali cikin minti 10 zuwa 15. Tura shi da sauri na faɗar da awon jini nan take, musamman ga mai ciwon suga da ke allurar insulin NPH.