Wi-Fi daga Wadata zuwa Talladje: ƙarfi nawa aka yarda in saki?

Mai Shagon Wadata

Assalamu alaikum malamai. Ina son haɗa rezo tsakanin shago a Wadata da ma'ajiyar kaya a wajen Talladje, duka a nan Yamai, tazarar kilomita 4 ce a taswira. Na'urar rediyon Wi-Fi ce ta kamfanin Ubiquiti, LiteBeam 5AC, guda biyu, ribar eriyar kowace 23 dBi. Wajen saiti sai ta ce in zaɓi ƙasa. In na zaɓi Faransa, ƙarfin ba ya wuce 7 dBm, in na zaɓi wasu ƙasashen sai ya buɗe ya haura 20. Mai sayarwa ya ce in ɗauki duk wadda ta fi ƙarfi, in bai isa ba a ƙara ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. Shin 7 dBm zai kai kilomita 4? Kuma mene ne hukuncin zaɓen ƙasar da ba tawa ba? A cikin shagon ma akwai ruta da aka zo da ita daga Amurka, kanal 1 zuwa 11 kaɗai take nunawa.

Ɗan Adar

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi ampilin nan. Lambar 7 ce ta tsorata ka, alhali ba ita ake aunawa ba. Abin da hukumomi ke iyakancewa shi ne ƙarfin da ya fita daga bakin eriya, wanda ake kira EIRP. Lissafinsa: ƙarfin na'ura, a tara da ribar eriya, wato ƙarin da take yi ta hanyar tattara sigina ta fuska ɗaya, a cire asarar waya. Taka ba ta da wayar eriya, rediyon a jikin farantin yake, don haka 7 da 23 sun ba ka 30 dBm, wato wat ɗaya cif. Na'urar ba ta rage maka komai ba, ta cire 23 ɗin eriyar ne daga 30 ɗin da dokar Turai ta yarda a zangon 5470 zuwa 5725 MHz.

Ka riƙe wannan: kowane 3 dB ninki biyu ne, kowane 10 dB ninki goma. 20 dBm miliwat 100 ne, 23 dBm miliwat 200, 30 dBm wat 1. In ka tura na'urar zuwa ƙarshenta, 25 dBm, ka tara da 23, ka fitar da 48 dBm, wajen wat 63 ke nan a miƙe ta fuska ɗaya. Ya ninka iyakar sau sittin da wani abu, kuma duk mai eriya da ke kan layinka ko bayan ma'ajiyarka zai sha shi.

Yanzu ko wat ɗaya zai kai. Asarar sarari, wato raunin da sigina ke yi a cikin iska, a 5500 MHz kan kilomita 4 tana kusan 119 dB. Cire 119 daga 30, saura −89. Eriyar da ke karɓa ita ma tana ƙara nata 23, sai ka samu −66 dBm. Wannan sigina ce mai kyau, ta wadatar da kyamarori da kwamfutocin shago. Ribar eriyar karɓa kyauta ce, babu dokar da ta taɓa ta, shi ya sa wanda ya san aiki in tazara ta yi nisa faranti yake ƙarawa girma, ya rage ƙarfin rediyo.

In ka kafa ka ga −80 maimakon −66, ba ƙarfi ba ne ya gaza, wani abu ne ya tare hanya ko saitin fuska ya kauce. Igiyar rediyo ba zare ba ce, tana da ciki kamar gora. A tsakiyar kilomita 4 faɗin cikin nan daga layin gani ya kai mita 7 da ɗan wani abu, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 ya zama fili, wato kamar mita 4 da rabi sama da kan bene ko dogon yaro mafi tsawo da ke tsakani. Ganin ɗaya gefen da ido kawai bai isa ba. Kuɗin ampili ka sa shi a ƙarfen turke.

Hajiya Mai Rezo

Ɗan Adar ya gama lissafi, bari in taɓa gefen doka. Iskar ba ta kowa ba ce, ta ƙasa ce, kuma a nan Nijar ARCEP ke rabonta, hukumar da ta gaji ARTP a 2018. Ita ke cewa wane zango aka sake wa jama'a, da wane sharaɗi, ita kuma ke amincewa da na'urorin rediyo kafin a sayar da su. Zaɓen ƙasa a cikin na'ura ba izini ba ne. Ko Brazil ka zaɓa, eriyarka a Yamai take, dokar Nijar ce a kanta.

Dalilin da ya sa lambobin Turai suka fi kusa da mu: ƙungiyar sadarwa ta duniya, UIT, ta raba duniya gida uku, Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna yanki na 1, Amurka tana yanki na 2. A taron 2003 aka yi ƙuduri mai lamba 229 wanda ya buɗe 5150 zuwa 5350 da 5470 zuwa 5725 MHz ga irin wannan aiki, da sharuɗɗa. A Turai ga yadda suka aiwatar: 5150 zuwa 5350 miliwat 200 kuma na cikin gida ne, 5470 zuwa 5725 wat 1 ciki da waje, amma dole da DFS. Na 2.4 GHz kuwa miliwat 100 ne, kanal 1 zuwa 13. Amurka ta bar wat 1 daga na'ura da eriyar 6 dBi, wato wat 4, a kanal 1 zuwa 11. Ka ga dalilin da rutarka ta tsaya a 11. Wannan ba matsala ba ce, sa ta a 1 ko 6 ko 11 da faɗin 20 MHz, ka sauke ƙarfinta. Wayar hannu galibi ba ta fitar da fiye da kamar 15 dBm, in ruta tana ihu waya tana raɗa, za ka ga sanduna cike amma shafi ba ya buɗewa.

Wani abu da ake yawan kuskurewa: lambar Nijar NE ce, NG ta Najeriya ce. Wasu na'urorin ba su da Nijar a jerinsu, sai mutum ya danna Nigeria don ya ga sunan ya yi kama. Kada ka yi haka, tsarin zangonsu nasu ne.

Tunda haɗinka zai ratsa unguwanni ya tsallake titunan gwamnati, ba kamar ruta a ɗaki ba, ka rubuta wa ARCEP takarda kafin ka hau sama. Ka sa sunan na'ura da samfurinta, zangon da kake so, faɗin kanal, ribar eriya, EIRP, tsawon turke, da lambobin GPS na wuraren biyu, ka faɗi cewa aikin kanka ne. Ka karɓi amsa a rubuce ka ajiye. In kuma wata rana ka fara sayar wa maƙwabta tikitin intanet ta kansa, hukuncin ya sauya, ka zama mai ba jama'a hidima, sai ka koma ka sake tambaya.

Mai Shagon Wadata

Na gode Hajiya, na gode Malam, Allah ya ƙara sani. DFS ɗin nan fa? An ce shi ke sa haɗi yana yankewa, wai gara a kashe shi ko a gudu can sama inda babu kowa.

Tsohon Injiniya

Ɗana, duka biyun kada ka yi. Zangon 5250 zuwa 5725 na masu rada ne, wato na'urorin hango jirage da hadari, tun kafin Wi-Fi, mu baƙi ne a ciki. DFS shi ne ladabin baƙo: na'ura tana saurare daƙiƙa 60 kafin ta yi magana, in ta ji bugun rada sai ta bar kanal ɗin cikin daƙiƙa 10, ba ta komowa sai bayan minti 30. A 5600 zuwa 5650, inda radar hasashen yanayi ke aiki, wato kanal 120 da 124 da 128, tsarin Turai minti 10 yake sa ta saurara. Shi ya sa in wuta ta ɗauke ta dawo, mutum yana tsaye yana kallon fitila yana zaton na'ura ta mutu, alhali jira take yi. Kai da fuskar eriyarka ke kallon ɓangaren filin jirgin Diori Hamani, ba kai ne za ka kashe wannan ba.

Maganin yankewar mai sauƙi ne. Buɗe airView, shafin na'urar da ke nuna hayaniyar da ke kowane kanal, a gefe biyun, ka bar shi kamar minti 15 da rana da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau. Zaɓi kanal uku masu tsabta tsakanin 5500 da 5580 ko 5660 da 5700, ka tsallake na yanayi, ka sa ukun a jerin da na'urar shago za ta yi tsalle a ciki, ka sa su kuma a jerin binciken ta ma'ajiya don ta same ta da wuri. Faɗin kanal 20 MHz. In ka buɗe 40 ka ƙara hayaniyar da kake sha da 3 dB, 80 kuma da 6, a gari irin Yamai asara ce. Amma kada ka matse zuwa 10 kana zaton ƙarfin zai tsaya yadda yake, domin akwai iyakar miliwat 50 a kowane MHz, a faɗin 10 rabin wat kawai ya halatta.

Batun gudu inda babu kowa shi ne ya fi haɗari. Saitin Superchannel na na'urorin MikroTik da na Compliance Test na na'urorin Ubiquiti suna buɗe wuraren da ba na Wi-Fi ba. Shirun da ka ji a can ba yana nufin ba mai shi, wataƙila mai shi saurare yake yi, ko kamfani ne da ya biya lasisi. Haka kayan 900 MHz da ake kwasowa daga Amurka: can 902 zuwa 928 a sake yake, nan kuwa 880 zuwa 915 hanyar da wayoyin GSM ke magana da turakunsu ce. Ka kunna ɗaya, kiran unguwa ya lalace, kuma gano inda yake fitowa ba wuya ga mai na'urar auna iska.

Ka duba kwalin na'urarka ma. Wanda aka rubuta US a ƙarshen samfurinsa a kulle yake, ba ya barin ka zaɓi ƙasar da ka ga dama. A saiti ka tabbata ribar eriya tana 23, ba 0 ba, kuma lissafin EIRP yana kunne, don masu sa 0 yaudarar na'ura suke yi ta saki komai. Wajen daidaita fuska mutum ɗaya ya juya a hankali, hagu da dama sannan sama da ƙasa, ɗaya gefen ya tsaya cik, sai an gama a sauya. Sarƙoƙi biyun da ke allon sigina, wato ma'aunin hanyoyi biyun da eriya ke karɓar sigina, kada su bambanta da fiye da 3 dB, in sun bambanta akwai abin da ke tare hanya. Ɗaure kusoshin sosai kafin iskar farkon damina, ka sa wayar rezo mai sulke ka haɗa ta da ƙasa, ƙurar hunturu tana tara caji a kan faranti ta ƙone bakin PoE, wato inda wayar rezo ke shigar wa na'ura da wuta.