Monica Seles: da ba a daɓa mata wuƙa ba, da Graf ta kai kofi 22?

Baban Khalifa, Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum 'yan uwa masu bin tanis. A majalisarmu kullum gardamar ƙwallon ƙafa ce, shi ya sa na kawo tambayar nan. Seles ta ci gasar Faransa a 1990 tana da shekara 16. Kafin ta cika 20 ta tara manyan kofuna 8, wato na manyan gasannin tanis huɗu: Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka. Sai a ranar 30 ga Afrilun 1993, a Hamburg ta Jamus, ta zauna hutu a tsakiyar wasa, wani mai ƙaunar abokiyar hamayyarta Steffi Graf ya lallaɓo ta baya ya daɓa mata wuƙa, wai don gwanarsa ta koma ta ɗaya a duniya. Ni dai ina ganin an yi wa Seles fashin sarauta. Ku ya kuka gani?

Hajiyar Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, lissafi ma yana bayanka. Kafin wuƙar Graf tana da manyan kofuna 11, bayanta ta ƙara 11. Wata uku kafin abin ma Seles ta doke ta a wasan ƙarshe na Ostireliya. Seles bahaguwa ce, tana riƙe raket (abin buga ƙwallon tanis) da hannu biyu ta kowane ɓangare, ga wannan nishin nata da abokan karawa suka riƙa kai ƙara a kansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hukuncin: mutumin bai yi zaman gidan yari ba bayan shari'a, ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara biyu kawai aka yi masa. Dalilin ke nan ba ta sake wasa a Jamus ba.

Ɗan Sabon Layi:
Hajiya, a gafarce ni, amma kada mu rage wa Graf tsawo. A 1988 ta lashe manyan gasa huɗun duka, ta haɗa da zinaren Olamfik, lokacin Seles ba ta fara tashe ba. Kuma Seles ba ta taɓa cin Wimbledon ba. Da suka haɗu a can a 1992, 6-2, 6-1 Graf ta lallasa ta.

Hajiyar Daura:
A kan filin ciyawa irin na Wimbledon na yarda, ɗana. Sauran filayen fa?

Malam Na-Rafindadi:
Kuna ta ƙidayar kofi, kun manta Seles ta dawo. Fiye da shekara biyu ba ta taka fili ba, ga tsoro, ga mahaifinta wanda shi ya koya mata wasan yana jinyar ciwon daji. A 1995 gasar farko da ta shiga a Kanada ta cinye, ta je wasan ƙarshe na Amurka, Graf ɗin dai ta tare ta. A 1996 ta ɗauki kofin Ostireliya, na 9 kuma na ƙarshe. Wasanta na ƙarshe a 2003 ne, ciwon ƙafa ya hana ta ci gaba, sai 2008 ta sanar da ritaya.