Kwalliyar Kirsimeti ta fulawa da gishiri, nawa duk sun kumbura

Maman Biyu:
Salama 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ni da yaran Sande Sukul ɗinmu a nan Jos muke so mu yi kayan ratayawa a bishiyar Kirsimeti, irin na kwaɓin fulawa da gishirin nan, don na roba bana kuɗinsu ba a magana. Jiya na gwada, fulawa gwangwanin madara 2, gishiri 1, ruwa 1, na yanka taurari da ƙararrawa na sa a oben, kafin in je in duba shinkafa in dawo sun kumbura kamar fanke, baya ya ƙone ciki kuma ɗanye sharaf, wasu har sun tsage. A ina na kuskure? Fulawar saura kaɗan, bana so in sake asara.

Anti Malama:
Maman Biyu awonki daidai ne, wuta ce ta yi yawa. Abin nan ba gasa shi ake ba, busar da shi ake, ki sa oben can ƙasa wajen digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Celsius ki bar shi awa 2 ko 3 kina juyawa, in wuta ta yi ƙarfi sama ne yake fara daskarewa sai tururin ciki ya rasa hanyar fita ya tura shi. Sannan ki duba fulawar, in irin wadda aka riga aka haɗa da bekin foda ce to dole ta tashi. Ruwan ma kar ki juye gaba ɗaya, kaɗan kaɗan har ya daina kama hannu, ki murza shi sosai kamar minti 10, ki baza da kwalba kaurinsa kar ya wuce rabin santimita. In gishirin mai tsakuwa ne ki daka a turmi tukuna, shi ke sa tsagewa. Yauwa kuma ki huda ramin zare da tsinken shan lemo TUN yana ɗanye, shekarar farko na manta, na zo hudawa da ƙusa taurari 6 suka rabe a hannuna yara suna kallona.

Uwargida Kano:
Ni fa bana ma ƙona gas ɗina. Yanzu ai hunturu ne, ki jera su a tire ki aje inda iska ke kaɗawa, kwana 3 zuwa 4 kina juya su safe da yamma za su yi tauri kamar dutse. Mu na Sallah muka yi, jinjirin wata da tauraro, yara suka shafa fenti, sun yi kyau wallahi, amma ban shafa banish ba, damina na shigowa suka yi laushi suna naso, ashe gishiri jan danshi yake. Ki samu banish wajen kafinta ki shafa gaba da baya, har cikin ramin.

Baban Yara:
Kai mata! fulawar da za a yi mana cincin ita za a rataye a bishiya? To shi kenan. Amma da gaske, in kuna da kare ku rataye su sama, gishirin da ke ciki ya isa ya yi masa illa sosai in ya cinye, haka yaro mai rarrafe da ke kai komai baki. Akuya kuwa ba sai na faɗa miki ba, kin san ta da gishiri.

Maman Biyu:
Hahaha Baban Yara cincin ɗinku na nan, na ware. Anti na je na duba ledar, ashe mai bekin foda ce maƙwabciyata ta ba ni. Na sayo wata na sake kwaɓawa, guda 24 suna bisa rufin kejin kaji tun safe na rufe da rariya. Fentin ruwa na 'yan makaranta zai yi ko sai na sayi akirilik?

Anti Malama:
Zai yi, amma kar burushin ya jiƙe da yawa, kuma ki bari ya bushe ƙayau kafin banish.