Wa aka taɓa ɗaure wa jijiya da kilif a ciki saboda zubar jini?

Autar Umma:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah wanda ya san abin nan ya taimaka min. Abbanmu direban babbar mota ne, ya daɗe yana fama da ciwon baya, kullum diklofenak, wani lokacin ma ko karyawa bai yi ba zai haɗiya, to ranar Laraba da asuba ya tashi alwala sai aman jini, ashe kwana uku kenan bayan gidansa baƙi wuluk kamar kwalta bai faɗa wa kowa ba. Aka ƙara masa jini leda uku, washegari aka zura masa kyamarar nan ta baki, likita ya ce olsa ce ta ci har ta taɓa jijiya a farkon ƙaramin hanji, ya matse wurin da kilif guda biyu. Jini ya tsaya alhamdulillah amma ni hankalina bai kwanta ba, ƙarfe fa a cikin mutum. Da kansa yake fita ko sai an koma an ciro?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki, nima an saka min guda ɗaya shekara biyu da suka wuce. Abin ko tsayin tsinken ashana bai kai ba, aka ce idan wurin ya warke zai saki da kansa ya bi bayan gida, kuma wlh ban ma san ranar da ya fita ba. Inda na samu matsala shi ne ƙwayar cutar nan Helikobakta mai haddasa olsa, an rubuta min magani na kwana 14, da na ji sauƙi a kwana na biyar sai na ajiye na koma shago, wata bakwai ciwo ya dawo sai da aka sake leƙa cikina. A karo na biyu na shanye tsaf, bayan sati huɗu da gamawa aka yi awon bayan gida aka ga ta mutu. Ku tsaya wa Abba a kan wannan, kilif jini kawai yake tsayarwa.

Sista mai aikin endoskofi:
Shekarata shida a ɗakin da ake leƙa ciki da kyamarar nan, ni ce mai riƙe hannun kilif ɗin idan likita ya saita. Ta cikin bututun kyamarar ake zura shi, ya buɗe baki biyu kamar hantsaki, likita ya ce matse, in matse. A Japan aka fara shi tun 1975. Yawanci sai an fara yi wa gefen gyambon allurar adirenalin don jini ya lafa a ga wurin da kyau, amma allurar ita kaɗai ba ta isa, dole a haɗa da kilif ko ƙonawa. Wahalar tana ga tsohon gyambo wanda gefensa ya yi tauri kamar kanta, ƙaramin kilif zamewa yake yi, na taɓa ganin mun ɓata guda uku a kan mutum ɗaya kafin na huɗu ya kama, ranar har rigata ta jiƙe da gumi don dattijon sai ƙasa jininsa yake yi. Akwai babba da ake kira OTSC na kamfanin Ovesco a Jamus, shi a kan bakin kyamarar ake ɗora shi, a zuƙo naman cikin wata hula da ke bakin kyamarar sannan a sake shi ya datse kamar tarko, har hujin da ya ɓalle a hanji ana rufewa da shi. A binciken STING da ya fito a 2018 an ɗauki mutum 66 da olsarsu ta sake zubar da jini, waɗanda aka yi wa aikin da aka saba kusan kashi 58 cikin 100 jinin bai tsaya ba ko ya dawo, masu babban kilif kashi 15 ne kawai. Tsada ce ta hana mu ganinsa sosai a nan, abin yana ci min rai gsky. Auta ki nemi takardar da aka rubuta sunan kilif ɗin ki adana, tunda Abba mai ciwon baya ne wata rana za a iya cewa ya yi hoton MRI, wasu kilif ɗin ba a shiga injin da su, kuma ba duka ne suke faɗuwa da wuri ba, wani yakan yi watanni.

Maman Biyu:
Namu ta ƙasa ne. Maigidana aka cire wa tsiro a babban hanji a Alƙahira, ya ɗan haura santimita 2 kuma a ɓangaren dama yake, babu jini a lokacin amma likitan ya rufe wurin da kilif uku. Da na tambayi dalili ya ce wani bincike na 2019 a kan mutum 919 ya nuna rufewar tana rage zubar jini bayan aiki daga kashi 7 zuwa kashi 3 da rabi, kuma amfanin a ɓangaren dama ya fi fitowa. Kwana goma muka ƙara kafin mu hau jirgi, lafiya lau.

Malamin firamare:
Ni dai roƙona kada a ɗauka duk aman jini olsa ne. Yayana ciwon hanta ne da shi, nau'in B, jijiyoyin maƙogwaronsa suka kumbura suka fashe, mu kuma muna ta ba shi maganin olsa da madara a gida har kwana biyu. Garinmu babu kyamarar leƙa cikin, awa biyar muka yi a mota yana kwance a cinyata. Shi ba kilif aka saka masa ba, roba aka ɗaure jijiyoyin da ita, aka ce mu dinga dawowa ana ƙarawa, zuwa ɗaya muka yi kuɗi ya yanke. Da ya sake zubarwa a hanya Allah ya karɓi abinsa.

Autar Umma:
Innalillahi, Allah ya jiƙansa da rahama Malam, ya ba ku haƙuri. Nagode muku duka. Yau aka sallame mu bayan ya gama kwana uku na maganin olsa omefrazol ta jijiya, an koma ƙwaya. Sista, na karɓo takardar, har sitikar kilif ɗin aka manna mana a jiki. Umma ta kwashe duk diklofenak ɗin da ke aljihun motarsa, kati shida ta samu. Ranar Litinin za mu koma a duba jininsa, zan kuma tambayi likita maganar Helikobakta da abin da zai dinga sha idan bayan ya motsa.